Tarihin Charles Darwin: abin da ya rubuta da abin da aka ɗora masa

Fiye da shekaru 140 bayan mutuwarsa, har yanzu sunan Charles Darwin na haddasa tayar da jijiyoyin wuya a makarantu da majami'u da masallatai da kuma shafukan jaridu.

A arewacin Najeriya, akasarin ɗalibai kan fara cin karo da sunan ne a darasin ilimin halittu na babbar sakandare, yayin da a majalisun hira aka fi saninsa da Baturen nan da ya ce ɗan Adam daga biri ya fito.

To sai dai da yawa daga cikin labaran da ake bayarwa a kansa, na yabo da na suka, sun samo asali ne daga masu sharhi a jaridu da masu zanen barkwanci da masu wa'azi. Magoya bayansa sun yi masa ƙari, haka ma abokan hamayyarsa.

Ƙuruciya da karatu

An haifi Charles Robert Darwin a ranar 12 ga watan Fabrairun 1809 a garin Shrewsbury na ƙasar Ingila. Shi ne na biyar a cikin 'ya'ya shida na wani likita mai wadata, Robert Darwin. Mahaifiyarsa ta rasu a 1817, yana da shekaru takwas.

A 1825 mahaifinsa ya tura shi Jami'ar Edinburgh domin ya gaje shi a aikin likita. Amma a wancan zamanin ana yin tiyata ne ba tare da maganin gusar da zafi ba, kuma ihun marasa lafiya ya sa saurayin ya tsani aikin.

A can ne ya koyi fasahar feɗe tsuntsaye da adana su daga wurin John Edmonstone, wani baƙar fata da aka 'yanta daga bauta a yankin da yanzu ake kira Guyana. Wannan fasaha ta yi masa rana daga baya.

Da likitanci ya faskara, sai aka mai da shi Jami'ar Cambridge a 1828 da niyyar ya zama limamin cocin Ingila. A nan ya karanta littafin William Paley, wanda ya kafa hujja da cewa kamar yadda agogo ke nuni ga maƙerinsa, haka tsarin ido da fiffike ke nuni ga Mahalicci. Hujjar ta gamsar da Darwin ƙwarai a lokacin, ko da yake ya fi ɓata lokacinsa wajen tara ƙwari da bin wani malamin tsirrai, John Henslow, zuwa daji.

Shekaru biyar a kan teku

Henslow ne ya samar masa gurbi a jirgin ruwan sojan Birtaniya mai suna Beagle, wanda aka tura ya zana taswirar gaɓar Kudancin Amurka. Mahaifinsa ya ƙi amincewa da farko, sai da kawunsa ya sa baki.

Jirgin ya tashi daga Plymouth a ranar 27 ga Disamban 1831, a ƙarƙashin Kyaftin Robert FitzRoy. Darwin na da shekaru 22. Zangonsu na farko shi ne tsibiran Cape Verde da ke yammacin gaɓar Senegal.

A Brazil ya ga yadda ake azabtar da bayi 'yan Afirka, har ta kai ga sun yi cacar baki da kyaftin ɗin, wanda ke kare tsarin bautar. A Ajantina ya tono ƙasusuwan wasu manyan dabbobi da suka shuɗe, waɗanda ke kama da ƙananan dabbobin da ke raye a wurin. A Chile kuwa, a Fabrairun 1835, ya shaida girgizar ƙasar da ta ɗaga wani sashe na gaɓar teku sama.

Makonni biyar kacal ya yi a tsibiran Galapagos, a watannin Satumba da Oktoban 1835. Labarin da ya shahara a littattafan makaranta da jaridu shi ne, wai da ya dubi bakunan wasu ƙananan tsuntsaye a can nan take tunanin ya faɗo masa.

Takardunsa sun nuna akasin haka. Bai ma rubuta tsibirin da ya kamo kowane ɗaya daga cikin tsuntsayen ba. Sai bayan ya koma Ingila a Oktoban 1836 ne wani masanin tsuntsaye, John Gould, ya sanar da shi cewa jinsuna ne daban-daban na dangi guda.

Daga garke zuwa daji

A 1837 Darwin ya fara rubuta tunaninsa a asirce, a kan cewa jinsunan halittu na sauyawa sannu a hankali, kuma suna da asali guda kamar rassan bishiya. Ba shi ya fara wannan tunani ba. Kakansa Erasmus Darwin da Bafaranshen nan Lamarck sun riga shi. Abin da ya rage shi ne bayanin yadda sauyin ke aukuwa.

Ya samo bakin zaren ne daga wurin manoma da makiyaya. Manomi a Babban Duhu, a yammacin jihar Katsina, da ke ware zangarniyar gero mafi ƙosawa domin irin baɗi, da makiyayin da ke zaɓen bijimin da zai bari a garke ya dandaƙe sauran, duk suna sauya kamannin abin da suke nomawa ko kiwatawa a tsawon zamani. Darwin da kansa ya yi kiwon tantabaru domin ya ga hakan da idonsa.

A 1838 ya karanta littafin Thomas Malthus a kan yawan jama'a da ƙarancin abinci, daga nan ya haɗa lissafin. Kowace halitta na haifar fiye da abin da muhallinta zai iya ɗauka. 'Ya'yan ba sa zama iri ɗaya. Waɗanda siffofinsu suka fi dacewa da fari ko sanyi ko cuta su suka fi tsira su hayayyafa, su kuma gadar wa na baya waɗannan siffofi. Wato yanayi na yin irin aikin da makiyayi ke yi, amma a tsawon miliyoyin shekaru. Wannan shi ake kira zaɓin ɗabi'a.

Shiru na shekaru ashirin

A Janairun 1839 ya yi auren zumunci da 'yar kawunsa, Emma Wedgwood, mace mai riƙo da addinin Kirista. Tun farkon zamansu ta rubuta masa wasiƙa tana bayyana fargabar cewa shakkunsa na iya raba su a lahira. Ya adana wasiƙar har ƙarshen rayuwarsa.

Sun haifi 'ya'ya goma, uku suka mutu suna ƙanana. Mutuwar 'yarsa Annie a 1851, tana da shekaru goma, ta girgiza shi matuƙa. A shekarun da suka biyo baya ya kan raka iyalinsa har ƙofar coci ranar Lahadi, shi kuma ya wuce yawo.

Tun 1844 ya kammala rubuta bayanin ra'ayinsa mai shafuka fiye da 200, amma bai wallafa ba. A shekarar ce wani littafi marar sunan marubuci da ke magana a kan rikiɗar halitta ya fito, masana suka yi masa kaca-kaca saboda raunin hujjojinsa. Darwin ya ci gaba da tara hujjoji a gidansa da ke ƙauyen Downe, yana fama da ciwon ciki da amai da suka addabe shi shekaru da dama. Shekaru takwas ya shafe yana nazarin wasu ƙananan halittun teku masu ɓawo da ke manne wa duwatsu da jiragen ruwa.

A Yunin 1858 wasiƙa ta iso masa daga tsibiran da yanzu ke cikin Indonesiya. Wani matashin mai bincike, Alfred Russel Wallace, ya kai ga ra'ayi irin nasa ba tare da sanin aikinsa ba. An karanta takardun mutanen biyu tare a wani taron masana a Landan ranar 1 ga Yulin 1858. Darwin bai halarta ba, domin ƙaramin ɗansa ya rasu kwanaki kaɗan kafin nan.

Littafin da jaridun

A ranar 24 ga Nuwamban 1859 aka fitar da littafinsa, On the Origin of Species, wato Asalin Jinsunan Halittu. Kwafi 1,250 aka buga, kuma masu sayar da littattafai suka kwashe su tun kafin ranar.

Littafin bai yi bayanin yadda rai ya faro ba, kuma in ban da ishara ta jimla guda a kusa da ƙarshe, bai tattauna asalin ɗan Adam ba. A bugu na biyu ma Darwin ya ƙara ambaton Mahalicci a jimlar ƙarshe, ko da yake daga baya ya shaida wa wani amininsa cewa ya yi nadamar amfani da kalmomin littafin addini domin daɗaɗa wa jama'a.

Zargin son kai a aikin jarida ya faro ne tun daga makonnin farko. A al'adar lokacin, masu sharhin littattafai ba sa sa sunayensu. Sharhin yabon da jaridar Times ta buga a Disamban 1859, abokin Darwin ne, Thomas Huxley, ya rubuta shi. Sharhin suka mai zafi da ya fito a wata mujallar Edinburgh a Afrilun 1860 kuwa, abokin hamayyarsa ne, Richard Owen, ya rubuta, har yana yabon nasa aikin a ciki kamar wani ne dabam. Mai karatu bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba.

A ranar 30 ga Yunin 1860 aka yi muhawarar nan ta Oxford. Labarin da ya yaɗu shi ne, Bishop Samuel Wilberforce ya tambayi Huxley ko ta wajen kakansa namiji ne ko ta wajen kakarsa ya haɗa jini da biri, shi kuma Huxley ya mayar masa da martanin da ya rufe masa baki, kimiyya ta yi galaba a kan coci.

Babu wanda ya rubuta jawaban kalma da kalma a ranar, kuma jaridun lokacin ba su ba taron muhimmanci sosai ba. Wasiƙun mahalarta sun nuna cewa Wilberforce da Huxley da wani masanin tsirrai, Joseph Hooker, kowannensu ya tashi yana ganin shi ya yi nasara. Sigar da aka fi sani ta kafu ne shekaru da dama bayan haka, daga bakin mutanen ɓangaren Huxley.

Haka kuma ba a rabu gida biyu tsaf ba, masu addini a nan masana a can. Limamin coci Charles Kingsley da masanin tsirrai na Amurka Asa Gray, wanda Kirista ne mai ibada, sun karɓi ra'ayin a matsayin hanyar da Ubangiji ke gudanar da halittarsa. Suka mafi nauyi kuwa daga masana kimiyya ta fito, musamman a kan cewa Darwin bai san yadda ake gadon siffofi ba. Wannan giɓi bai cike ba sai bayan da aka farfaɗo da binciken Gregor Mendel a 1900, aka kuma haɗa shi da ra'ayin Darwin a shekarun 1930 da 1940.

Maganar biri

Sai a 1871 Darwin ya fito fili a kan ɗan Adam, a littafinsa The Descent of Man. Abin da ya rubuta shi ne, mutum da manyan birai sun haɗa kaka guda da ya shuɗe tuntuni, kuma mai yiwuwa a nahiyar Afirka ya rayu. Bai ce birin da ake gani a yau shi ne ya rikiɗa ya zama mutum ba. Wannan bambanci bai rage wa masu imani da halittar Annabi Adam kai tsaye nauyin maganar ba, amma shi ne abin da ke rubuce.

A watan Maris na shekarar wata mujallar barkwanci ta Landan, Hornet, ta zana kansa da gemunsa a jikin biri. Zanen ya fi littafin yaɗuwa, kuma har yau ana sake buga shi.

Akwai kuma ɓangaren da masu yabonsa kan tsallake. Duk da ƙiyayyarsa ga bauta da kuma matsayinsa na cewa dukkan 'yan Adam jinsi guda ne, littafin na ɗauke da ra'ayoyin Turawan zamaninsa na fifita wasu al'ummomi a kan wasu, da fifita basirar maza a kan ta mata. Wasu marubuta sun yi amfani da sunansa wajen halatta mulkin mallaka, kuma ɗan'uwansa Francis Galton ne ya kafa aƙidar tace iri a tsakanin 'yan Adam. Kimiyyar ƙwayoyin gado ta yau ta yi watsi da wannan jeri na launin fata.

Imaninsa da mutuwarsa

A wata wasiƙa ta 1879, Darwin ya bayyana cewa bai taɓa zama mai musun samuwar Allah ba, amma ya fi dacewa a kira shi wanda bai tabbatar ba bai kuma kore ba. A cikin wasiƙar ya ce mutum na iya zama mai cikakken imani da Allah ya kuma yarda da rikiɗar halitta. A 1880 ya ƙi amincewa wani mai yaƙi da addini ya sadaukar masa da littafinsa.

Littafinsa na ƙarshe, na 1881, a kan tana ne da yadda take gyara ƙasar noma. Ya mutu a ranar 19 ga Afrilun 1882 yana da shekaru 73, aka binne shi a majami'ar Westminster da ke Landan, kusa da kabarin Isaac Newton.

Yadda ya iso ƙasashen Musulmi

Ta hanyar jarida ra'ayin Darwin ya shigo ƙasashen Larabawa. Mujallar al-Muƙtaɗaf, wadda aka kafa a Beirut a 1876, ita ta fara gabatar da shi ga masu karatun Larabci. A 1882 wani malami Ba'amurke a kwalejin mishan ta Beirut, Edwin Lewis, ya yaba wa Darwin a jawabin yaye ɗalibai, hukumomin mishan suka tilasta masa yin murabus, ɗalibai suka yi bore.

Tun da wuri aka cakuɗa ra'ayin da aƙidar masu cewa babu komai sai abin da ake gani, musamman a rubuce-rubucen wani likita, Shibli Shumayyil. Wannan aƙida ce Jamaluddin al-Afghani ya yi wa raddi a 1881, ya kuma haɗa da Darwin a ciki. Ba a fara fassara littafin Darwin zuwa Larabci ba sai a 1918, lokacin da Isma'il Mazhar ya fitar da babobin farko a Alƙahira. Wato an shafe shekaru kusan arba'in ana muhawara a kan littafin da akasarin masu muhawarar ba su karanta ba.

Wani malamin birnin Ɗarabulus na Lebanon, Shaikh Husain al-Jisr, ya bi wata hanya a littafinsa ar-Risala al-Hamidiyya na 1888. A ganinsa hujjojin rikiɗar halitta ba su kai matsayin yaƙini ba, amma idan har suka kai, za a iya fahimtar nassosi ta yadda ba za a sami karo ba, matuƙar an yi imani cewa Allah ne Mahaliccin komai.

A 'yan shekarun nan kuma an sha buga labarin cewa al-Jahiz, marubucin Basra da ya rasu wajejen 868, ya riga Darwin da shekaru dubu. Lallai a Kitabul Hayawan ya yi bayanin yadda dabbobi ke cin junansu da yadda muhalli ke tasiri a kansu, amma manufarsa ita ce nuna hikimar Mahalicci, kuma masana tarihin kimiyya da dama na ganin an zuzuta kamannin.

Bayan Darwin

A 1912 jaridun Ingila sun yi ta shelar gano ƙoƙon kan wata halitta tsakanin mutum da biri a Piltdown. A 1953 masana suka gano cewa jabu ne, an haɗa ƙoƙon kan mutum ne da muƙamuƙin biri. Masu adawa da Darwin na kafa hujja da wannan har gobe, yayin da masana ke nuni da cewa su da kansu suka bankaɗo yaudarar.

A 1925 aka gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, a jihar Tennessee ta Amurka saboda koyar da rikiɗar halitta, aka ci shi tarar dala 100. 'Yan kasuwar garin ne suka shirya ƙarar domin jawo hankalin duniya, aka watsa zaman kotun kai tsaye ta rediyo, manyan jaridu kuma suka mai da mutanen karkarar abin dariya. Tun daga lokacin masu addini a Amurka ke zargin 'yan jarida da yi musu kallon jahilai. Masana kimiyya kuma na da nasu ƙorafin, cewa kafofin watsa labarai kan nuna kamar masana sun rabu biyu a kan batun, alhali mafi rinjayensu sun yarda da shi.

Hasashensa game da Afirka ya sami goyon baya daga ƙasusuwan da aka tono a Afirka ta Kudu a 1924, da Habasha a 1974, da kuma hamadar Djurab ta ƙasar Chadi a 2001, inda aka sami ƙoƙon kan da aka raɗa wa suna Toumaï, wanda aka ƙiyasta shekarunsa da kimanin miliyan bakwai, ko da yake masana na ci gaba da jayayya a kan matsayinsa.

A asibitoci ma ana aiki da ra'ayin nasa. Da shi ake bayanin yadda ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ta bijire wa maganin chloroquine, har Najeriya ta sauya maganin da ake fara bayarwa a 2005. Da shi kuma ake bayanin yawaitar sikila a Afirka ta Yamma, tun bayan da Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa masu rukunin jini na AS na da wata kariya daga zazzaɓi mai tsanani.

Mafi yawan malaman Musulunci na kan matsayin cewa Allah Ya halicci Annabi Adam ne kai tsaye, ba shi da uwa ba shi da uba. Wasu daga cikinsu ba sa ganin laifin maganar sauyi a tsirrai da dabbobi, wasu kuma sun yi watsi da ra'ayin ɗungurungum. Turkiyya ta cire shi daga manhajar sakandare a 2017. A Najeriya, shugaban Boko Haram na farko, Muhammad Yusuf, ya ambaci ra'ayin Darwin a cikin abubuwan da yake ƙi a ilimin boko, a wata hira da BBC a 2009.

Ko mutuwar tasa ma ba ta tsira daga ƙari ba. A 1915 wata jaridar 'yan Baptist a Amurka ta buga labarin wata mai wa'azi, Lady Hope, wadda ta ce ta ziyarce shi gab da ajalinsa ta same shi yana karatun Baibul yana nadamar abin da ya rubuta. Ɗansa Francis da 'yarsa Henrietta, waɗanda suka yi jinyarsa, sun ƙaryata labarin a rubuce. Duk da haka, fiye da shekaru ɗari bayan nan, ana ci gaba da maimaita shi a wuraren wa'azi da shafukan intanet.